Hantar Ragon Layya

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Duk lokacin da na ɗauki biro na zo kansa sai in tuno wani aiki, ko in ce zafi ya yi yawa, in ajiye. Ke Hadiza ke kika tsare ni. Kin tuna ranar da kika zo shagona kina ta rawar kai, wai za ki nemo hotona na zamanin gudu a waya ki nuna wa ƙawayenki? Kika rubuta sunana, sai wayar ta fito miki da shi tare da na mutanen da aka taɓa dakatarwa saboda shan maganin ƙara kuzari. Waya ba ta san kunya ba, ba ta san uban kowa ba. Ina kallonki murnar ta bi ta zube, kika kifa wayar a kan kwalin takalma.

"Baba, da gaske ne?" kika ce.

Na ce ki wuce gida ki taya uwarki aiki. Na san wannan ba amsa ba ce. To ga amsar yau, ke da ƙannenki Ibrahim da Sa'adatu, ku karanta a tsanake. Mutum biyun da nake yin shiru dominsu duk sun riga mu gidan gaskiya, ni ma furfura ta cinye gemu, ban ga amfanin tafiya kabari da maganar ba. E, an sami maganin a fitsarina. A'a, ban sha ba. Yadda aka yi haka shi zan gaya muku.

Kakanku Malam Iro mai turka raguna ne a Limawa, bayan layin dogo. Ke Hadiza kaɗai kika riske shi, shi ma kina goye. Ubansa Abubakar daga Kano ya zo aikin jirgin ƙasa ya zauna a Minna, kuma sunansa aka sa mini. Shi ya sa duk unguwa Garba ake ce mini, amma Baba bai taɓa faɗin wannan sunan ba, ina shi ina kiran sunan mahaifinsa gatsau! Sai dai ya ce "Babana". In ya ce "Babana, kawo wa dabbobin nan ruwa," ko da faɗa ne sai in ji sanyi a raina. Sana'arsa ita ce, watanni kafin Babbar Sallah ya tafi kasuwar Kagara ya sayo raguna ramammu, ƙashi da fata, ya ɗaure kowanne a turkensa, ya yi ta ba su dusa da harawa da 'yar kanwa, yana shafa su yana yi musu magana kamar mutane. A lokacin kuwa an fara yayin allura da garin ƙiba. Wasu su ɗura wa rago ya kumbura cikin ɗan lokaci, ka saya ka kai gida, kafin Sallah ya sace kamar tayar keke. Baba ya tsani wannan abu. In dillali ya kawo masa zancen sai ya miƙe ya karkaɗe tabarmarsa.

"Dabbar da za a miƙa wa Allah ita za a yi wa algus?" Haka yake cewa.

Saboda haka tun daga Bosso har Chanchaga gidanmu ake zuwa, har Kiristocin Sabon Gari in za su yi biki ragonmu suke nema. Kowa ya san ragon Malam Iro dusa ne da harawa. Ba mu da gona, ba mu da gidan haya, ba mu da kowa a gwamnati. Wannan sunan shi ne duk dukiyar gidanmu, da shi muke ci muke sha.

Ni kuwa gudu Allah ya sa mini a ƙafa, kuma asalinsa bin rago ne. In wani ɗan banza ya tsinke igiya ya bi layin dogo, ni ake turawa. A nan Koci Yohanna mai horar da 'yan gudu ya gan ni. Bagwari ne, Kirista, tsohon ɗan gudu, siriri mai faɗan tsiya. Yana kan babur ya ga na bi rago tun daga bakin unguwa har na cafko shi ban yi haki ba. Ya biyo ni gida, ya cire hula ya gaida Baba.

"Malam, wannan yaro ba rago ya kamata ya bi ba. Ka ba ni shi."

Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Gudu kuma sana'a ce? Ɓarawo ma ai yana yi."

Amma dai ya ba shi ni.

Ban san yadda zan kwatanta muku hanyar dam ɗin Tagwai ba, ku da ko aiken bakin titi sai kun nemi ɗan acaɓa. Ina idar da sallar asuba zan tarar da Koci a ƙofar gida, mu ɗauki hanyar dam, ni a ƙafa shi a babur. Farko jiki ciwo yake, ƙirji kamar zai tsage. Sai can in ka wuce gidajen ƙarshe, ƙafa ta ɗumi, numfashi ya daidaita, ka iso wani wuri da komai ke yin shiru. Ba ka jin ƙafarka, ba ka jin yunwa, ba ka tuna kai ɗan waye. Matan Gwari ɗauke da itace a kafaɗa su matsa gefe suna yi mini sannu, gonakin doya suna wucewa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shiga hanci, can gaba ruwan dam ya bayyana da masunta a kwale-kwale. Koci na baya yana ihu, "Ɗaga gwiwa, malalaci!" ni kuwa dariya ma nake. Har gobe in na yi mafarki mai daɗi, a kan wannan hanya nake. Wallahi ina kewarta, kewar da ban taɓa gaya wa ko uwarku ba.

Doka ɗaya Koci ya kafa mini: kada wani magani ya shiga bakina sai ya gani. Ko na ciwon kai ne. Har jiƙon shawara da Inna ke haɗawa ya hana, ita kuwa ta yi ta mita wai wannan Bagwarin zai kashe mata ɗa. Yana da dalili. A wuraren gasa na ga masu yi da idona. Akwai waɗanda ake ja bayan ɗakin kwana a yi musu allura, su ce wai bitamin ne, wata biyu ka gan su sun murɗe kamar ba su ba. An sha yi mini tayi. Ni da na tashi a gidan Malam Iro, ko kallon abin ba na yi, kuma ina alfahari da haka, wataƙila ma fiye da kima.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce shekarar da ƙafata ta fi daɗi. Na ci gasar jiha, na ci ta yanki, aka kira ni Legas gasar da za a zaɓi waɗanda za su wakilci ƙasa a waje, kuma za ta faɗo jim kaɗan bayan Babbar Sallah. Tabɗi! Baban da ke cewa gudu ba sana'a ba ne, shi ya koma yana tsare masu sayen rago da labarina har su ƙosa. Cikin ragunan shekarar ya ware wani balami fari sol, ya ce wannan ba na sayarwa ba ne, na layyarsa ne, Babana zai ci hantarsa ya tafi da ƙarfinsa. Wani Alhaji ya nace sai shi, Baba ya ƙi a gaban jama'a, har maganar ta zaga unguwa. Sai ana saura 'yan makonni Sallah zawo ya kama ragon, ya zube, haƙarƙari duk a waje. Ni lokacin hankalina na kan atisaye. Na dai ga ya rame, daga baya na ga ya murmure har ya fi da cika, na ce masha Allah na wuce, ban kawo komai a raina ba.

Al'adar gidanmu ranar layya, hanta ake fara gasawa, Baba ya yayyanka da kansa ya bi kowa da yanka ɗaya a hannu, daga Inna har maƙwabta. Wannan shekarar bai raba ba. Ya gasa ta, ya barbaɗa yaji, ya turo tiren gabana, ƙannena suna ta haɗiyar yawu suna hararata.

"Babana, cinye," ya ce. "Su sun ci ta bara, za su ci ta baɗi."

Na ci har na gaji, yana zaune yana kallona yana murmushi. Abin da ya rage Inna ta soya tare da tsoka, ta cika mini babban gwangwanin madara, ta ce guzuri ne, don ta ji an ce mutanen Legas ba su san abinci ba. Da yamma na ji zuciyata na bugawa da sauri, hannuna na ɗan rawa. Na ce ɗokin tafiya ne.

A sansanin Legas kuwa maganar Inna ta tabbata, teba ce kullum da wata miya mai yauƙi da ban san kanta ba. Gwangwanina ya cece ni, safe da yamma ina buɗewa, har safiyar gasa. Gudun ranar ba zan ba ku labarinsa da tsawo ba, don in na fara ba zan gama ba. Na dai shiga zagayen ƙarshe mu uku, na fita ni kaɗai. Koci ya tsallako shinge ya ɗaga ni sama, shi da bai kai nauyina ba. Daga nan wani ma'aikaci ya bi ni har bayan gida da kwalba, ya tsaya a kaina sai da na yi fitsari a gabansa. Na ji kunya, amma tsoro ko kaɗan, har ba'a nake masa ko yana son ƙari. Aka auna ni za a ɗinka mini kaya masu launin ƙasa, aka ɗauki hoton fasfo. Ni Garba ɗan Limawa zan hau jirgin sama! Ana cikin haka aka kira ni ofis, wani mutum mai tabarau ya karanto sunan wani magani mai tsawo da ban taɓa ji ba, ya ce an same shi a jikina, in tattara kayana in koma gida in jira kiran kwamiti. Kafin motarmu ta iso Minna rediyo ya riga ni.

Na tarar da Baba a gindin turaku yana kwaɓa dusa. Bai ɗago ba.

"Kai, abin da rediyo ya faɗa gaskiya ne?"

Kun ji? "Kai." Ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba.

"Wallahi Baba ban sha komai ba."

"To ƙarya suke maka? Me ka tsare musu?" Ya ci gaba da kwaɓa dusarsa. "Ina nan ina hana mutane algus a dabba, ashe a ɗakina ake yi a mutum."

Koci ne bai zauna ba. Ya san ni, ya san ko ruwan leda ba na sha sai na duba. Ya ɗauki sunan maganin ya kai wa wani likita abokinsa, likitan ya ce ai wannan dabbobi ake ba wa don su yi tsoka, kuma ba ya barin jikin dabba da wuri, a hanta yake taruwa. Koci ya zo gidanmu a guje ranar da Baba ya tafi Kagara, ya ja ni zaure ya tambaye ni abin da na ci. Ina ambaton hanta da gwangwani muka tsaya muna kallon juna. Na ce ba zai yiwu ba, ragon Malam Iro ne fa. Ya ce in shiga in tambayi Inna. Na same ta tana tankaɗe, na gaya mata abin da likita ya ce. Rariyar ta suɓuce daga hannunta, ta zauna daɓas a ƙasa tana salati. Sannan ta gaya mini. Da ragon ya zube, Baba ya rasa barci, don ramammen rago ba ya layya, ga shi ya riga ya cika baki a gaban jama'a cewa na Babana ne. Ya je Kagara, wani mai tallar maganin dabbobi a babur ya ba shi farin gari a ƙullin leda. Ya dawo yana zuba wa ragon a dusa a ɓoye, shi kaɗai, bai taɓa ba na sayarwa ba, ya kuma sa ta rantse ba za ta faɗa ba. A tunaninsa abin a cikin rago ya ƙare. Ko a mafarki bai haɗa garin nan da fitsarina ba. Sauran ƙullin ma yana nan a saman katanga cikin wani tsohon ƙoƙo.

"Ka san hawan jininsa," in ji Inna tana kuka. "In ya ji shi ne ya yi maka wannan, ba zai ga baɗi ba. Kuma wa zai yarda rago ɗaya ne? Amma kai ma ɗana ne. Ban ce ka faɗa ba, ban ce ka yi shiru ba."

Da na fito na gaya wa Koci, tsalle ya yi. Ya ce an gama, mu ɗauki ƙullin mu ɗauki Malam mu kai gaban kwamiti ya faɗa da bakinsa, ana iya rage hukuncin ya koma 'yan watanni, kuma duniya za ta san ban yi cuta ba. Na tambaye shi ko 'yan jarida za su ji. Ya ce rediyon da ya faɗi na farko ai shi zai faɗi na biyu. A nan na ga abin ƙuru-ƙuru. Sunana zai wanku, amma da sunan Baba za a wanke shi. Dillalan da ya yi shekaru yana karkaɗe musu tabarma su sami abin dariya, masu zuwa daga Bosso su juya, tsoho ya zauna da raguna a turke ba mai tayawa, ga kuma sanin cewa da hannunsa ya turo mini tiren. Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Ni ina da ƙuruciya, na ce a raina shekara biyu ai kamar gobe ne. Washegari na bi hanyar Tagwai ni kaɗai ba Koci, na kai bakin ruwa na zauna har rana ta yi zafi. Da na dawo na ce wa Inna ta zuba ƙullin a masai.

A Abuja manya ne zaune a dogon tebur, suka tambaye ni ko ina da bayanin yadda maganin ya shiga jikina. Koci na gefena yana taka mini ƙafa. Na ce ban sha ba, kuma ba ni da ƙarin abin cewa. Suka dubi juna, suka yanke shekara biyu. Sai da muka iso tasha za mu hau mota Koci ya juyo gare ni.

"Garba, ka kashe kanka, ka kashe ni," ya ce, idonsa jawur. "Amma ubanka ne. Ba zan faɗa ba."

Bai kuwa faɗa ba. Yana nan da ransa a Sabon Gari, ya tsufa, ido ya yi rauni. Ku sayi lemo ku je ku gaishe shi, ku tambaye shi in kuna shakka, ku ce ni na kwance masa baki.

Shekara biyun da na raina ashe ita ce duka. Ɗan alawus ɗin da nake samu ya tsaya. In na fito atisaye sai in ji daga bayan katanga an ce "ɗan ƙwaya!" Da wa'adin ya cika na koma fili, na tarar da sababbin yara da ban san su ba, gwiwata ta hagu kuma ta fara ciwon da kuke gani ina ɗingishi da shi yanzu. Ba wanda ke son ɗaukar nauyin mai tabo. Haka na sauka a kasuwa ina sayar da takalman gwanjo. In aka buɗe dila na ci karo da kambas na gudu, sai in juya shi in duba inda ya cinye, in san yadda mai shi ke taka ƙasa. Har yanzu ina yi, kun sha ganina kuna dariya.

Amma duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai a cikin gida yake. Kada ku ɗauka kakanku ya wulaƙanta ni, a'a. Kwano ɗaya muke ci, shi ya tsaya mini a auren uwarku, in na yi zazzaɓi yana leƙowa. Sunan ne kawai ya ɗauke. Sai "kai", ko ya ce wa Inna, "kira mini yaron nan." Ranar layya ya bi kowa da hanta a hannu, tawa kuwa ya ajiye a bakin tire in ɗauka da kaina. Ba zan ɓoye muku ba, na sha jin haushi. Akwai ranakun da zan ji yana gaya wa mai saye "dusa ne da harawa," in ji maganar ta taso mini har maƙogwaro. Sai in dubi ƙeyarsa, yadda ta fara lanƙwashewa, in haɗiye in fita. Ba na son ya ba ni haƙuri, ba na son komai. So nake kawai in ji an ce "Babana, kawo ruwa." Na yi shekaru ina kwana ina tashi a gida ɗaya da ubana ina kewarsa.

Sai Sallar shekarar da aka haife ki, Hadiza. Lokacin ƙarfinsa ya ƙare, raguna kaɗan yake iya turkawa, ni ke yi masa yanka da fiɗa. Na lura tun kafin Sallar ya yi shiru, ba ya cin abinci sosai, na ɗauka tsufa ne. Na gama fiɗa ina wanke wuƙa a bakin rijiya, shi yana gashin hanta kamar kullum, yara sun kewaye shi. Sai na ji ya kore su.

"Babana."

Ban waiga ba. Wallahi na manta cewa ni ne.

"Babana, zo nan."

Na zo na durƙusa. Hantar na kan tire, bai yanka wa kowa ba. Ya turo ta gabana da hannu biyu.

"Wannan dusa da harawa kawai ya ci," ya ce. "Ni na tsaya a kansa."

Nan na gane ya sani. Daga baya Inna ta ba ni labarin yadda aka yi. Wani likitan dabbobi ne ya zo kara, kasuwar dabbobi, yana yi wa masu kiwo gargaɗi a kan garin ƙiba, ya ce yana zama a hanta, wanda ya ci naman har a fitsarinsa za a gani. Baba ya dawo gida ya tsare ta da tambaya, ta gaya masa komai, har da ƙullin da na sa ta zubar. Ya ɗauko babbar rigarsa wai zai tafi Abuja ya faɗa musu. Ta ce wa za ka tarar, Malam? Yaron da kake son wankewa ga shi can yana ɗingishi a kasuwa. Ya zauna a bakin gado da rigar a hannu har aka kira azahar.

Amma a ranar ban san duk wannan ba. Na dai ɗauki yanka ɗaya na sa a baki, hawaye na zuba a kan yajin. Bai ce in yafe masa ba, ni ma ban ce na yafe ba, mun fi ƙarfin wannan. Ya daɗe yana kallon ƙafafuna, sannan ya ce,

"Babana, da ka je ƙasar wajen nan, da ka ci su?"

"Da na ci su, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Na sani. Ai na ga yadda kake kama rago."

Bai kai wata Sallar ba. A 'yan watannin da suka rage masa ya kira ni Babana har ba dalili, ina wucewa ya kira, in zo ya ce ba komai, je ka. Na karɓi kowanne, amma ba su ishe ni ba.

To Hadiza, kin ji. Waya za ta ci gaba da faɗin abin da take faɗa, ba ni da yadda zan goge shi, ba kuma na neman ku je ku yi musu da kowa. Kai Ibrahim, sunansa ka ci, kada in ji ka ji kunyarsa. Sau ɗaya ya karya dokarsa a duk rayuwarsa, kuma don ni ya karya ta. Ku sa shi a addu'a, shi da Inna. In kuma kun ga ranar layya na ɗauki hanta na koma gindin tsohon turke ni kaɗai, kuna ta gunaguni wai Baba marowaci ne, ku ƙyale ni na ɗan lokaci. Ba rowa ba ce. Saurare nake ko za a kira ni.